Bashin Hajiya: Yadda Aka Kai Ni Aikatau Libiya da Yadda Na Dawo

Assalamu alaikum. Ni mutuniyar Kano ce, haihuwar cikin birni, uwar 'ya'ya uku. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na matar da ta tura ni ba, domin maganarmu tana gaban alƙali. Zan kira ta Hajiya kawai, yadda kowa yake kiranta a unguwarmu.

Maigidana ya rasu a 2015, ya bar ni da yara a gidan haya. Bayan na fita takaba na kama suyar awara a ƙofar gida, ana rufa asiri daidai gwargwado. Sai shekarar 2016 ta zo, naira ta faɗi, waken suya da man gyaɗa suka yi tashin gwauron zabo, jarin ya karye. Na kwashe yaran muka koma ɗakin Inna.

Hajiya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce uwar adashenmu, tana ba da atamfa da turare bashi, ta yi zaman Saudiyya har da haƙorin Makka a bakinta. Da azumi takan aiko wa Inna sukari da gero. Ranar da ta kira ni ɗakinta, cewa ta yi: "Ke 'yar nan, zaman me kike yi? Ga ƙuruciya ga lafiya, kina kallon marayu suna kwana da yunwa? Larabawa suna neman masu aiki ido rufe, kuma Musulmi ne 'yan'uwanmu." Sharaɗin mai sauƙi ne a kunne. Ita za ta biya kuɗin hanya, ni kuma albashina na wata goma na farko nata ne, daga nan duk abin da na samu nawa ne. Aka kira Kawu ya zama shaida. Ta sa na yi alwala na dafa Alƙur'ani cewa ba zan gudu ba, ba zan ci amanarta ba. Inna ta sa min albarka tana share hawaye da gefen mayafi.

A farkon 2017 muka tashi, mata ne zalla sai yaron Hajiya da yake mana jagora. Daga Kano zuwa Daura, muka tsallaka iyaka ta wajen Kwangwalam a kan babura, sai Matamai, sai Damagaram, sai Tanut. Har muka isa Agadas ban ji na bar gida ba: Hausa ake yi, fura ake sha, kuma a lokacin ɗan Najeriya yana da 'yancin yawo a Nijar saboda yarjejeniyar ECOWAS. A Agadas ne abin ya sauya kama. Aka shigar da mu wani gida mai doguwar katanga da daddare, aka ce kada wadda ta leƙa ko ƙofa.

Matar da take mana girki a gidan, wata dattijuwa 'yar Damagaram, ita ta warware min dalilin ɓoyon. Ta ce a da ba haka ake yi ba. Duk ranar Litinin motoci sukan yi jerin gwano su fita a bainar jama'a, sojoji na rakiya har Dirku. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mata da yara ne daga yankin Kance na jihar Damagaram. Abin ya girgiza Nijar. A 2015 gwamnati ta kafa dokar hana fasa-ƙwaurin bakin haure, ƙasashen Turai kuma suka zuba kuɗi suka matsa a yi aiki da ita, saboda ba sa son mutane su isa gaɓar teku. Daga 2016 aka shiga kame direbobi ana ƙwace motocinsu. Tafiyar ba ta tsaya ba. Direbobin sun koma fita cikin dare, suna kauce wa babbar hanya da rijiyoyinta domin a nan jami'ai suke jira, kuɗin mota kuma ya ninka. Tana faɗa ina jinta kamar labarin wasu. Ban san ninkin nan a kaina za a rubuta shi ba.

Aka loda mu a bayan Hilux kamar buhunan albasa, na gefe ƙafafunsu na lilo a waje, kowa da sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa ya riƙe. Wanda ya yi gyangyaɗi ya saki sandar nan ya faɗi, ba lallai ne direba ya tsaya ba. Guzurinmu jarkar ruwa da aka naɗe da buhu, da garin kwaki, da dabino. Da rana iska tana ƙona fuska, da dare sanyi yana shiga har ƙashi. Mun wuce wata mota da ta mutu a hanya, da abin da ya rage na mutanenta a kwance a inuwarta, rairayi ya rufe rabinsu. Ba wanda ya yi magana, sai wata daga cikinmu da ta kama salati a hankali. Daga baya na ji a rediyo cewa a tsakiyar wannan shekarar mutum 44 sun mutu da ƙishirwa a tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace, yawancinsu 'yan Gana da 'yan Najeriya.

Muka shiga Libiya ta Gatrun, muka isa Sabha. A nan na san abin da ake kira gidan bashi. Yaron Hajiya ya ɓace tun a tasha, wani mutum ya karɓe mu ya ce kuɗin da aka biya a kanmu ya ƙare a iyaka, wanda zai kai mu Turabulus sabon lissafi ne. Maza suna wani ɓangare na gidan. Da safe akan fito da mutum, a kira danginsa a waya, a riƙa dukansa da tiyo suna jin ihunsa har su yi alƙawarin turo kuɗi. Wanda danginsa ba su da shi, sai wani mai gona ko mai gini ya zo ya biya ya tafi da shi. Abin da ya fi ci min rai shi ne masu dukan ba duka ne Larabawa ba. Akwai baƙaƙen fata irinmu, akwai mai jin Hausa sarai. 'Yan matan da suka zo daga kudancin Najeriya, galibi 'yan Edo, an ware su an tafi da su gidajen da ake tilasta musu kwana da maza. Mu aka ce 'yan aikin gida ne, aka kira Hajiya a waya, ta ce in kwantar da hankalina, wakilinta na Turabulus zai biya, "a haɗa a lissafi."

Gidan da aka kai ni a Turabulus bene ne, ga yara, ga tsohuwa uwar maigida da ba ta iya tashi. Shagala suke ce wa mai aiki irina. Ina tashi kafin asuba, ba na kwanciya sai kowa ya yi barci: shara, goge-goge, wanki, guga, wanke-wanke, wankan tsohuwa da kwashe mata bayan gida. Sinadarin wanke banɗaki ya cinye min fatar hannu har tana tsagewa. Ƙarshen wata wakilin Hajiya yakan zo, uwargida ta ƙirga masa dinare a falo, ni ina kicin ina jin muryarsu. Ko sau ɗaya kuɗin nan bai taɓa tafin hannuna ba. Wayata tana wurinsa, sai ya ga dama yake ba ni in gaisa da Inna, yana tsaye a kaina. Ƙofar gidan ba kullum take kulle ba, amma ina za ni? Ba ni da fasfo, ba ni da wata takarda, kuma dokar Libiya ta 2010 ta mayar da shiga ƙasar ba izini laifin ɗauri. Uwargida takan tuna min da haka duk lokacin da ta ga na ɓata rai.

Ba zan ce kowa a gidan mugu ne ba. Tsohuwar nan tana ƙaunata. Ita ta koya min Larabcin da nake ji, takan ɓoye min dabino da 'yan kuɗi a ƙarƙashin matashinta, in ta ga ina kuka ta riƙe hannuna tana addu'a. Amma jikanta saurayi ya sa sai da na riƙa jingina tukunyar gas a bayan ƙofar ɗakin da nake kwana. Alƙibla ɗaya muke kallo, azumi ɗaya muka yi, kuma a gaban baƙi ana nuna ni ana cewa baiwa.

Da na ga watanni sun tura, na tambayi wakilin saura nawa. Ya buɗe wani littafi ya karanto min: kuɗin Agadas, kuɗin Sabha, kuɗin hanya zuwa Turabulus, kuɗin maganin da aka saya min, ga kuma dinar da ta faɗi a kasuwar bayan fage. Wata goman da na rantse a kai, in ji shi, ba a ma fara ƙirga su ba.

A watan Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton bidiyon da wakiliyarsa Nima Elbagir, 'yar asalin Sudan, ta ɗauko a kusa da Turabulus, ana gwanjon maza baƙaƙe a kan kuɗin da ya kai kimanin dala 400. Na ga mutanen gidan sun taru a gaban talabijin suna faɗa, uwargida tana cewa ƙarya ce, ana son ɓata sunan ƙasarsu. Na ci gaba da goge tayil. Ni da na kwana a Sabha ba sai an nuna min a talabijin ba. Ashe tun watan Afrilun shekarar hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IOM, ta fitar da rahoton cewa ana cinikin mutane a Sabha, daga bakin waɗanda suka tsero zuwa Nijar. Duniya ta karanta ta wuce. Sai da ido ya gani hankali ya tashi. A ƙarshen Nuwamban nan shugabannin Afirka da na Turai suka haɗu a Abijan, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Tarayyar Afirka da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka sa burin kwashe mutum 15,000 daga Libiya zuwa ƙasashensu kafin ƙarshen Fabrairun 2018. Ban san da wannan taro ba a lokacin, amma shi ne sanadin fitata.

Ga yadda abin ya faru. Ciwo ya kwantar da ni, uwargida ta ce ba za ta ciyar da mai kwanciya ba, ta mayar da ni gidan wakili, inda yake tara mata kafin ya rarraba su. Wani dare masu kaki da bindigogi suka fasa gidan. Wakilin ya tsere ta baya, mu aka kwashe zuwa wani wurin tsare baƙi. Zaure ne ƙato mai rufin kwano, mata da jarirai a kan katifu a ƙasa, taliya tsurarta sau ɗaya ko biyu a yini, ƙaiƙayi da tari sun gama kowa. Da yawa daga cikin matan a teku aka kamo su aka dawo da su, domin a watan Fabrairun 2017 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Turabulus ta taimaka wa masu gadin tekun Libiya su riƙa tare jiragen roba. Wannan abu har yau yana ɗaure min kai: hannun da ya biya kuɗin jirgin da ya mayar da mu gida, daga ɓangarensa aka biya kuɗin kamo waɗannan mata ana zuba su a zauren nan.

Wata safiya ma'aikatan IOM suka zo tare da jami'an ofishin jakadancin Najeriya. Aka rubuta sunaye, aka ɗauki hotuna domin takardar tafiya ta gaggawa, aka tambayi kowa ko tana son komawa gida. Sannan wata ma'aikaciya ta ja ni gefe, da mai fassara ɗan Nijar. Ta tambaye ni wa ya kawo ni, me aka ce min zan samu, wa yake karɓar albashina, ina wayata, zan iya barin aikin in na so? Na amsa duka. Sai na ƙara da cewa, "Baiwar Allah, ni fa ba sace ni aka yi ba. Da ƙafata na zo, da yardar mahaifiyata. Bashi ne a kaina, kuma na rantse."

Abin da ta gaya min a ranar shi ne dalilin da ya sa nake ba da wannan labari. Ta ce a shekarar 2000 ƙasashen duniya sun amince da wata yarjejeniya da aka fara sa wa hannu a birnin Palermo na Italiya, ta fara aiki a ƙarshen 2003, kuma Najeriya da Nijar da ita kanta Libiya duk sun shiga. A ƙarƙashinta ana duba abu uku kafin a ce an yi safarar mutum: an ɗauke shi ko an kai shi wani wuri ko an ajiye shi, an yi hakan ta hanyar ƙarfi ko barazana ko yaudara ko amfani da halin ƙuncin da yake ciki, kuma manufar ita ce a ci guminsa. In waɗannan suka haɗu, yardar da ya bayar tun farko ba ta wanke wanda ya kai shi. In kuwa yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ko ba a yaudare shi ba laifin ya tabbata. Ta ce direban da ya tsallaka da ni hamada ya karɓi kuɗinsa ya tafi, nasa laifin daban ne, da yarjejeniyarsa daban. Amma wadda ta ɗaure ni da bashin da ba ya ƙarewa tana karɓar ladan aikina, wannan ita ce mai safara, ni kuma wadda aka zalunta ce, hakkina ne a kare ni.

Na daɗe ina kallonta. Tun daga Sabha nake ɗaukar kaina mai laifi biyu, na shiga ƙasar mutane ba izini, na kuma kasa biyan bashi. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wata takarda a duniya da ta san da irina ba. Mata nawa ne a zauren nan da ba a ja su gefe an yi musu waɗannan tambayoyin ba? Ma'aikatan kaɗan ne, mu kuwa ba mu ƙirguwa, ga wuraren tsaro na 'yan bindiga da ba a ma bari su shiga. Wadda ba a tambaya ba, a takarda baƙuwar haure ce kawai.

Akwai kuma waɗanda komawa gida ba mafita ba ce a gare su, matan Eritiriya da Somaliya da Darfur. Su hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR ce take rubuta su. A watan Nuwamban 2017 ta fara kwashe irinsu zuwa Nijar su jira wata ƙasa ta karɓe su, daga baya aka yi musu sansani a Hamdallaye kusa da Yamai, a 2019 kuma Ruwanda ta fara karɓar wasu. Mun bar su a zauren ranar da aka kira sunayenmu.

A farkon 2018 jirginmu ya sauka a Legas. Jami'an hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, suka tarbe mu, aka ba mu abinci, likitoci suka duba mu. Waɗanda aka gano an yi safararsu aka miƙa mu ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane da Najeriya ta kafa a 2003 domin cika alƙawarin da ta ɗauka a yarjejeniyar Palermo. Na zauna a gidan da suke ajiye mutane har hannuna ya warke, sannan aka haɗa ni da ofishinsu na Kano. A gidan nan na ga yadda 'yan matan Edo suke rawar jiki in an ce su faɗi sunan matar da ta kai su. An kai su wurin boka kafin tafiya, an yanki gashinsu da farcensu, an ce duk wadda ta tona za ta haukace ko ta mutu. A watan Maris na 2018 Sarkin Benin, Oba Ewuare na Biyu, ya tara bokayen masarautarsa ya warware duk irin wannan rantsuwa, ya kuma tsine wa masu safarar. Na ji labarin ina Kano, na ce ina ma. Mu ba a kai mu wurin boka ba, da Alƙur'ani da kunya aka ɗaure mu, kuma ɗaurin bai fi nasu sauƙin kwancewa ba.

Na dawo gida ba ko sisi, na rame, yarana sun yi tsayi. Unguwa ta sa min suna 'yar Libiya, kuma kowa ya san abin da ake nufi in an faɗa ana taɓe baki. Ana cikin zuwa yi min barka da dawowa sai ga Hajiya da ledar lemo. Ta zauna a tabarmar Inna, ta yi addu'a, ta ce Allah ya kiyaye gaba. Da za ta tashi ta ce, "To 'yar nan, in kin huta sai mu zauna a kan ragowar kuɗin nan. Kin san dai abin da kika dafa." Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "In sha Allahu, Hajiya, za a san yadda za a yi." Har ta fara maganar sayar da 'yan kunnenta na gado.

Limamin masallacin unguwarmu ne ya cece mu daga wannan. Na je na zayyana masa komai, ya saurara har na gama. Ya karanto hadisin da ke cikin Bukhari, inda Allah yake cewa mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama: wanda ya yi alƙawari da sunansa ya saɓa, da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya gama morarsa ya hana shi ladansa. Ya ce, "Da na farkon take tsorata ki, alhali ita ce ta fara saɓa sharaɗin, biyun ƙarshe kuma ta haɗa su duka. Ba ta binki komai. In zuciyarki ba ta natsu ba ki yi kaffarar rantsuwa, ki ciyar da miskinai goma, in ba hali ki yi azumi uku." Ya zo har gida ya maimaita wa Inna da Kawu. Da a ce ana faɗar wannan a kan mumbari ranar Juma'a a Kano da Katsina da Damagaram da Maraɗi, da ya yi aikin da allunan faɗakarwa na bakin titi ba su yi ba.

A cikin shirin tallafa wa waɗanda suka dawo, wanda Tarayyar Turai take ba IOM kuɗinsa, an koya mana lissafin sana'a, aka saya min keken ɗinki da 'yan yadika. Ba kuɗi suke bayarwa a hannu ba, kaya suke saya. Keken nan shi yake ciyar da mu har yau, alhamdu lillahi. Sai dai ba zan ɓoye ba, na san waɗanda muka dawo tare da suka sayar da kayan suka sake kama hanya, domin abin da ya kore su tun farko yana nan inda suka bar shi, ga gorin dangi ya ƙaru a kai.

Tun a Legas an tambaye ni ko zan ba da shaida a kan Hajiya, na ce a ba ni lokaci. Ba a tilasta min ba, ba a kuma janye taimakon ba. Da na taɓa maganar a gida Kawu ya ce, "Ke dai tunda Allah ya dawo da ke lafiya, ki bar wa Allah. Maƙwabtaka ta wuce wasa, kuma tonon sililin nan ke zai fi shafa." Haka na yi shiru shekaru. A watan Yunin 2018 na ji Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa mutum shida takunkumi saboda safarar mutane a Libiya, 'yan Libiya huɗu da 'yan Eritiriya biyu, aka hana su tafiye-tafiye aka riƙe dukiyarsu. Abu ne mai kyau, kuma shi ne karon farko da aka yi haka. Amma da ɗan gari akan ci gari. Manyan can ba su san hanyar ɗakin Inna ba, Hajiya ce ta sani, ita kuwa sunanta ba zai taɓa shiga takardar Kwamitin Sulhu ba. Tana nan tana karɓar zubin adashe.

A watan Nuwamban 2023 gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar nan ta 2015, motoci suka koma lodi a fili a Agadas. Wasu sun ce gara haka, ko ba komai za a bi hanyar da take da ruwa. Wasu sun ce an buɗe wa masu safara ƙofa. Ni da na bi hanyar a lokacin da dokar take da ƙarfinta, ina ganin kowanne yana da gaskiyarsa, sai dai da dokar da babu ita ba abin da ya taɓa kasuwar Hajiya. A tsakanin nan ne na ji ta shirya wa 'yar maƙwabciyarmu tafiya, yarinya 'yar shekara 16 da na goya tana jaririya. An riga an kira shaidu, an riga an dafa.

Wata lauya da take zuwa wurin taron matan da suka dawo ta taɓa ba mu labarin Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka sayar tana da shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saye a mayar ƙwarƙwara. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙasarta ƙara gaban kotun ECOWAS, a watan Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Matar ƙauye ce, ba ta yi boko ba, kuma ta tsaya a gaban alƙalai ta faɗi abin da aka yi mata. Ita na tuna a daren da na kasa barci a kan maganar yarinyar nan. Da gari ya waye na sa hijabina na tafi ofishin NAPTIP, ban gaya wa Kawu ba.

An tare motar kafin ta kai iyaka, an dawo da yarinyar da wasu mata. An kama Hajiya, an gurfanar da ita, an ba da belinta. Dokar Najeriya ta hana safarar mutane da aka sabunta a 2015 ta rufe ƙofar da a da mai safara yake biyan tara ya tafi gida maimakon ɗauri, shi ya sa danginta suka tashi tsaye. Dattawa sun zo wurin Inna da goro, an yi min tayin kuɗi, an aiko min da baƙar magana. Uwar yarinyar ta daina gaishe ni, tana cewa na toshe wa 'yarta hanyar arziki. Wasu masu kawo min ɗinki sun janye. Kawu ya yi fushi ya huce. Inna kuwa, da dattawan suka matsa, ita ce ta ce musu, "Ni na sa mata albarka ta tafi, ni kuma na ga yadda ta dawo. Ku bar ta ta faɗi gaskiya."

Na riga na ba da shaidata. Lauyan Hajiya ya tsare ni da tambaya a kan ko an ɗaure ni da igiya aka sa ni a mota, na ce a'a, na ba shi labarin littafin wakili da abin da aka rubuta a ciki. Yana ta neman a ɗage zama, yau ba shi da lafiya, gobe ya yi tafiya. A cikin matan da muka tashi tare daga Kano, ɗaya ta yarda za ta zo ta faɗi nata, mijinta ya ba ta izini. An sa mana rana bayan Babbar Sallah.